Taurin Cinya

Shekara goma sha ɗaya Baba yana kiwon karnukan gadi, kuma hanyar zaɓensa ɗaya ce: ya matsa cinyar kwikwiyo, wanda ya fi tauri shi zai bari ya yi zuri'a. Haka ya zaɓi Ƙarfe, haka ya zaɓi uban Ƙarfe.

Autarsa ce ke wanke keji da safe, don haka ita kaɗai ke ganin tashinsu daga barci. Ƙarfe yakan miƙe ƙafafu a sandare, ya yi taku biyu, ya faɗi ta gefe kamar benci. Sai ya zagaya tsakar gida sau uku kafin jikin ya saki. Kafin Baba ya fito, kare ya koma kare. Ta faɗa wa Baba har bakinta ya gaji.

"Ƙiwa ce irin taki," in ji shi.

Sai da aka dawo musu da 'ya'yan Ƙarfe biyu da suka sayar cikin mako guda ya yarda suka je asibitin dabbobi. Can ma sai da Baba ya zagaya da Ƙarfe harabar, a ga tafiya.

"Ka gama talla, Baba?" in ji likitar. "A bar shi ya kwanta rabin awa."

Suka zauna. Fanka na juya warin maganin wanke ƙasa. Auta na kallon takalminta. Da lokaci ya cika likitar ta tafa hannu, Ƙarfe ya zabura, ya sandare, ya kife a kan tayil.

"Ciwon tsoka ne, gadonsa ake yi," ta ce. "In naman ya ɗaure ba ya saurin saki, shi ya sa yake kauri. Taurin da kake nema shi ne ciwon."

"Magani fa?"

"Akwai mai sassautawa, zai rayu. Amma zuri'ar nan ta tsaya haka. A dandaƙe shi, har sauran."

Baba ya juyo. "Su nawa ne a gida, Auta?"

Ta san ya sani. "Tara, Baba."

Ya daɗe yana duban takardar amincewa da aka miƙo masa. Auta ba ta ji daɗin gaskiyarta ba; bayanta kawai ke ciwo. Ya karɓi biro ya sa hannu.

"Biyu-biyu zan riƙa kawo su," ya ce. "Motar ba ta ɗaukar fiye da haka."