Ramin Esi

Tsohon esin da ke sanyaya ɗakina ya mutu ranar wata Laraba, ya yi tari irin na tsoho ya yi shiru. Irin mai akwatin nan ne da ake cusawa a bango. Da ɗana Taufiq ya sa aka cire shi, sai ga rami a bangon, yana kallon lungunmu na Madalla.

Tun da Taufiq ya ɗauko ni daga Zariya ban ji daɗin gidan hayar nan ba sai da ramin nan ya buɗe. Ta nan na san wa ya fita, wa ya dawo da cefane, wa ya dawo hannu biyu. Ta nan kuma Titi mai tebur take miƙo mini goro, wanda Taufiq ya hana shiga gidan saboda hawan jinina.

Sai ga shi ya ce, "Inna, gobe Cletus mai gyaran esi zai zo ya auna ɗakin. Za mu sayo sabo daidai ramin."

Na ce, "Allah ya yi albarka." Ina ta tunanin goro.

Na taɓa ji Cletus yana faɗa wa maƙwabta cewa yawan mutanen ɗaki da zafinsa ake dubawa kafin a zaɓi esi. To, babba dai ba zai shiga ramina ba. Na aika wa matan islamiyyarmu cewa ƙafa ta matsa mini. Washegari suka cika ɗakin har bakin ƙofa, na ƙara da kaskon turaren wuta.

Cletus ya shigo da tef ɗinsa na awo yana tsallake ƙafafu, gumi na zuba.

"Mama, kullum haka ɗakin nan yake?"

"Yau ma ai ba kowa, ɗan nan."

Ya juya wajen Taufiq. "Oga, ƙarami ba zai iya ba, wahala kawai zai sha. Babba kuma ba ya shiga ramin nan."

Har na fara hamdala a zuci, sai ya ƙara da cewa, "Sai mai gida biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ramin kuma a toshe da bulo."

Kun ji inda wayona ya kai ni. Na tara mata, na ƙona turarena, na sayo wa kaina siminti.

Na gyara zama na ce, "Na ciki da na waje, da me suke gaisawa?"

"Da bututu, Mama. Zan huda bango can sama."

"Taufiq, ba Alhaji Tanimu mai gidan nan ne ya yi rantsuwa a kan ƙusa ɗaya da matarka ta buga ba?"

Taufiq ya sosa ƙeya. Ya tuna.

Cletus ya je bakin ramin ya leƙa. Ga ganyen da ake naɗe goro a gefe, ga Titi a waje ta ɗaga hannu tana shirin miƙowa. Ya dube ta, ya dube ni. Na dubi silin.

"Oga," ya ce, "bututu ya bi ta tsohon rami. Sauran mu rufe da katako, in sa hinji da sakata ya riƙa buɗuwa kamar taga, saboda ranar gyara."

Taufiq ya ce, "Sakatar ta waje?"

"Ta ciki, Oga. Ɓarayi."

An kafa esin, sanyi kamar cikin firji. Matan islamiyya kuwa sun riƙe hanya, yanzu kullum ɗakin cike yake, ƙaryata ta zama gaskiya. In sun tafi sai in kashe shi, gwiwoyina ba sa son sanyi, in zare sakata.

Jiya Taufiq ya ce, "Inna, me ya sa haƙoranki suka yi ja?"

Na ce sanyin esi ne, ya tambayi Cletus.