Ranar da Misali Ya Zo Aji

Ajina yana jikin ajin malamin adabi, kuma bangon da ya raba mu bai kai rufi ba. Saboda haka shekara da shekaru ina koyar da lissafi, ina shan adabi kyauta ta saman bango. Ba zan ɓoye ba, mutumin ya iya koyarwa. Ni da na buɗe baki yara sun fara hamma, shi kuwa ko tari ya yi sai ka ji aji ya yi tsit.

Yana da wata ƙa'ida da yake tinƙaho da ita a ɗakin malamai. Wai kalmomi irin su adalci da rowa da haƙuri ba a gane su tsirara, sai an sa musu riga, rigar kuwa mutum ce. Duk lokacin da littafin da suke karantawa ya kawo irin wannan kalma, sai ya kife shi a kan tebur ya ce, "Akwai wani mutum da na sani." Rowa ya sa mata rigar wani mai gidan haya da ya taɓa zama a gidansa. Haƙuri ya ba mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta. Yara kuwa ba sa manta darasin, ko a takardar jarrabawa sai ka ga mai gidan hayan nan ya leƙo.

Misalin da ya fi kowanne tashe shi ne na mutuwar zuciya. Wani tela ne, in ji shi, da ya lulluɓe kekensa da tsohon zanen gado, ya koma benci a ƙofar shago. Rediyo a cinya, an ɗaure ta da roba don kada batir ya zube. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ce masa, "A dawo gobe." Malam ba faɗa kawai yake yi ba, kwaikwayo yake yi: ya saki kafaɗu, ya ja muryar kamar mai magagin barci. Yara su yi ta dariya har da dukan tebur. Ni ma ta wannan gefen na sha juya wa ajina baya ina dariya a jikin allo.

Alhali na san ko waye telan, duk malamai mun sani. Yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yakan biyo ta makaranta jefi-jefi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya, "Ina Auta?" Mutum da furfura a gemu, mu duka muna ce masa Malam, amma a bakin yayan nan bai taɓa wuce Auta ba. Yana jin kiran sai ka ga ya miƙe yana murmushi kamar an aiko masa da alewa. Mun kuma san tun rasuwar matar yayan aka lulluɓe keken, rediyon ma tata ce. Wannan ɓangaren ba ya shiga darasi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce misali ba ya son kaya da yawa.

Abin ya daɗe yana tafiya lafiya, don shagon yana bayan gari ne, ba hanyar yaranmu ba. Sai aka rufe babban titi za a gyara gada, aka karkatar da kowa ta layin shagon. Yara da ido. Sun ga benci, sun ga rediyo da roba, sun ga takalmi ɗaya a ƙasa. Ba a jima ba suka fara gaishe shi in sun taso: "Sannu da hutawa, Mutuwar Zuciya!" Wasu su ƙara da, "A dawo gobe!" su ruga.

Wata safiya ina tsakiyar rubutu a allo na ji an yi sallama a ajin da ke jikin nawa, ba a ɗaga murya ba. Na san muryar. Na ba yarana aiki, na fito na laɓe jikin tagarsu. Yayan ne, ya sa riga wankakkiya da guga, rediyon a hannu.

"Auta, an ce ni ake karantawa a nan," in ji shi. "Na ce bari in zo in ji, kada a yi jarrabawa ban sani ba."

Ya wuce bencin baya ya zauna, yaran da ke wurin suka matsa kamar an watsa musu ruwan zafi. Malam yana tsaye da alli, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Yaya, mu je ofis mu yi magana."

"A'a, ka yi aikinka. Ai ba hana ka na zo yi ba."

"Yau nahawu za mu yi."

"Yi wancan dai."

Malam ya hau juya shafukan littafi, ya kasa fara darasin. Mutumin da in ya fara zuba sai an kaɗa ƙararrawa. Da yayan ya ga haka sai ya dubi wata yarinya a layin gaba ya ce, "To ke, 'yata, faɗa mini yadda aka koya muku. Kada ki ji tsoro, ba duka."

Ta miƙe, kanta a ƙasa, ta faɗa. Abin takaici yarinyar mai ƙoƙari ce, ba ta tsallake ko ɗaya ba: zanen gado, roba, takalmi, a dawo gobe. Ba wanda ya yi dariya. Ni da ke waje ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don kowace gaɓa na san inda nake fashewa da dariya a kanta.

Yayan yana ta gyaɗa kai. Da ta gama ya ce, "Haka ne. Bai yi mini ƙarya ba. Takalmin ma haka ne." Ya dubi ƙafarsa, yau duka biyun suna ciki.

Nan Malam ya yunƙuro, ya ga wata ƙofa yana son fita ta cikinta. Ya juyo ga aji ya ce: "Yara, akwai abin da ban gaya muku ba. Wannan bawan Allah yayana ne, kuma ba haka yake ba da. Matarsa ce..."

"Kul!"

Yayan ya miƙe tsaye.

"Ni ka riga ka ba su, su riƙe. Ita kam bar mini ita. Ba za ta zama darasi ba."

Ya tako a hankali ta tsakanin tebura. Malam ya miƙa hannu zai riƙe masa hannun riga, sai ya fasa, ya tsaya da hannun a sama, alli duk ya ɓata masa yatsu. Na ja da baya don kada a gan ni, amma ina, yayan ya gan ni, har ya ɗan rusuna mini, abin da ya fi mari ciwo.

A bakin ƙofa ya waiwaya ya dubi ƙanensa, ba fushi a fuskarsa, cikin ladabi kamar wanda ya zo ganin sakamakon ɗansa.

"Sai an jima, Malam," in ji shi.