Hular Ikrima

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yan nan.

Ta zo mu saurara, Iya.

To, ku gyara zama. Wannan da dariya ta fara, amma ba da ita ta ƙare ba.

A bakin kasuwar Azare akwai wani mai wankin hula, Babayo. In ya wanke hula ya sa mata sitati, sai ya kifa ta a kan guntun itace mai siffar kai, ta bushe a rana. Itatuwan nan lamba-lamba ne, kuma Babayo ya san lambar kan duk wanda yake wa wanki.

Yana da taubashi, Ikrima, ɗan ƙanwar babansa, manomi a Bulkachuwa. Kun san taubasai, ba a haɗuwa ba a tsokani juna ba. Wata ranar kasuwa Ikrima ya faka babur, ya jefo masa hula.

"Kai, maƙetaci, me ka yi wa hulata? Matse ni take."

"Bawana, hula ba ta da laifi. Tuwon matarka Laraba ne ya rasa wurin zuwa, ya hau kai."

Aka kwashe da dariya. Babayo ya jiƙa hular, ya ja ta a kan itacen da ya fi na da girma, ta buɗe. Shi ke nan.

Bayan shekara ta sake matsewa, ya sake ja. Zobe ya ƙi fita daga yatsan Ikrima sai da aka yanke. Takalmi ya yi kaɗan, haɓa ta yi tsawo, murya ta yi kauri, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Matarsa Laraba kullum tana ganinsa, shi ya sa ba ta lura ba. Babayo kam ya lura, a hannunsa abin yake. Ya sani sarai kan magidanci ba ya girma. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗa da gaske, amma da wace fuska? Tun suna yara ba su taɓa yin maganar da ba wasa ba. Sai tsokana ta fito.

Ran nan da hantsi, a hanyar Azare, Ikrima ya bangaji amalanken shanu da ya fito ta damansa. Ya rantse bai gan shi ba. Amalanke guda, da shanu biyu!

Babayo ne ya raka shi asibiti. Likitar ido ta rufe masa ido ɗaya, tana kaɗa yatsa ta gefe.

"Baba, kana gani?"

"Ina yake?"

Ta dubi hannuwansa, ta dubi haɓarsa. "Hularka ta taɓa matse ka?"

Babayo ya riga shi. "Likita, ashirin da biyu yake sawa. Yanzu ashirin da huɗu."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu ke nan."

"Kai ka lura?"

Babayo ya sunkuyar da kai.

Aka tura su Kano aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ƙari ne, a ƙarƙashinta, a daidai wurin da ke sa jiki girma. Shi ya buɗa masa ƙashi, shi kuma ya danne jijiyoyin ido. Likitan can ya ce ciwo ne da ba a cika gani ba, amma ana cire shi. Jijiyar da ta mutu ce ba ta dawowa. Ya ce da sun zo shekara biyu baya, da wata maganar ake.

Ta hanci aka shiga aka ciro shi, ko aski ba a yi masa ba. Da aka sallamo shi daga ɗakin aiki ya farfaɗo, ya juya kai yana neman mutane. Idon dama duhu. Na hagu yana ganin abin da ke gabansa tsaye, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

"Wa ke shessheka? Maƙetacin nan ne?"

"Ni ne."

"Ashe kana da hawaye. Laraba, kawo kwano a tara, tsada za su yi."

"Ikrima, na gani tun farko. Ban faɗa ba."

Ikrima ya ce, "Da ka faɗa ma, da na ce wasa kake." Ya juya fuska bango.

To, ga yadda aka ƙare. Ciwon kai ya tafi, idon dama bai dawo ba. Ikrima ya bar hawan babur, yana shan magani kullum, duk wata uku ana duba shi a Kano. Laraba ce ke tsaya wa gona, shi yana zaune a gindin bishiya yana ba da umarni. Babayo yana nan bakin kasuwa, ya rame, magana ta yi masa kaɗan. Duk tafiyar Kano shi ke riƙe hannun Ikrima su tsallaka titi.