Waƙar da ke Bayan Faifan

"Ba wannan gefen ba," in ji Dilys Hargreaves. "Juya shi."

Mai shirya jana'izar ya tsaya da faifan garmaho a hannu. Lorraine, 'yar mamacin, ta share hanci. "Haba Anti Dilys, ta gaban ce aka sa a rediyo. Ita mutane suka sani."

"Waɗanne mutane? Mu goma sha ɗaya ne a cocin nan, rabinmu ma kunne ya tafi."

Shekara talatin da takwas Dilys tana maƙwabtaka da mamacin, Clifford Pilling, a Birkenhead, bango ɗaya tsakaninsu. Gyaran famfo ne sana'arsa. Amma a 1964 shi ne mai ganga a wata ƙungiyar samari huɗu, kwat iri ɗaya, aski iri ɗaya. Wata goma sha huɗu suka yi, faifai ɗaya suka fitar. Mawaƙin ya yi aure, mai jita ya tafi Kanada, magana ta ƙare.

Ranar Talatarsa ta ƙarshe Dilys ta kai masa miya, ta tarar ko zama ya gagare shi.

"Dilys, ba ni na buga waƙar gaba ba," ya ce. "A Landan mai ɗaukar sauti ya ce hannuna gudu yake yi. Ya kirawo wani ƙato ya buga, ni kuwa aka ba ni shayi a baranda. Ta baya kawai suka bar mini, don lokaci ya ƙure."

"Shekara sittin kana zaune a kan wannan, tsohon banza?"

"Ita za a sa mini a jana'izata. Kada Lorraine ta ji dalili."

Ranar Alhamis ya rasu.

Yanzu Lorraine ta kafe ta da ido. "Don me ta baya?"

Dilys ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma karya alkawari. "Haka ya ce. Ni ban tambaye ki ra'ayi ba."

Lorraine ta karɓi faifan, ta juya shi da kanta, ta ɗora allurar garmahon. Jita ta fara a hankali, ganga ta shigo a guje, sauran na binta da ƙyar.

Dariya ta suɓuce wa Lorraine cikin hawaye. "Baba ke nan. Ko a titi ba ya jiran kowa."

Minti biyu waƙar ta ƙare. Allura ta ci gaba da zagaya tsakiyar faifan tana ƙaf, ƙaf, ƙaf. Ba wanda ya tashi ya ɗaga ta.