Saura Wata Huɗu

Shekara biyar aka ce. Duk wanda ya gama jami'a ya shigo soja a matsayin hafsa, sai ya yi biyar cif kafin a saurari maganar fitarsa, ko da uwarsa za ta zo ta yi birgima a ƙofar bariki. Injiniya ya san da haka ranar da ya sa hannu. Shekara biyu ya yi yana yawo da takardun digiri a cikin leda, har dunduniyar takalminsa ta cinye, ba wanda ya ce masa zauna. Da soja suka ce zo, ai bai tsaya neman shawara ba.

Matarsa, wadda duk bariki ke kira Maman 'Yan Biyu, ita ce ba ta taɓa yafe wa takardar nan ba. Malamar lissafi ce a firamaren bariki, kuma wallahi lissafin bai tsaya a aji ba. Tashe ta daga barci ka tambaye ta, za ta gaya maka saura kwana nawa mijinta ya tuɓe kaki. Yanzu saura wata huɗu. Wani kamfanin gina hanyoyi ma ya riga ya ce kujerarsa na nan tana jiransa.

Sai maganar kogi ta taso.

Can kan iyaka akwai wani kogi da ake ta gwabzawa a bakinsa. Ba a cika kiran sunansa a bariki ba, "can" kawai ake cewa. Duk wata uku ake canjin mutane. Motocin da ke kai su ta babbar ƙofa suke fita, ana busa ana kiɗa. Masu dawo da su kuwa ta ƙofar baya suke shigowa, wajen asibiti. A layin su Maman 'Yan Biyu kaɗai, gida biyu an kwashe kaya, an sake fenti, an zuba sababbin mutane. Ranar Litinin Injiniya ya dawo cin abincin rana, ya wanke hannu, ya ce ana haɗa sabon jerin masu tafiya, kuma ya ji ƙishin-ƙishin da sunansa a ciki.

"Wata uku ne," ya ce. "In je in dawo, in ajiye musu kakinsu."

"Wata uku! Mijin mai kitson layinmu ma ai wata uku aka ce masa, ina yake yanzu?"

"Ke dai ki yi addu'a. Kuma don Allah kar ki je wurin kowa. Nan ba ma'aikatar ilimi ba ce."

Ta ce to. Amma irin "to" ɗin nan ne da ake ce wa likita in ya hana shan sukari. Tsoro ya riga ya cika mata ciki, kuma ita a duniyarsu ta malamai, in aka cilla ka ƙauyen da ba mota, ba ka zama ka naɗe hannu. Wanka kake yi ka je ka gaida wani, shi ke nan takarda ta canza.

Ranar Laraba ta yi wankan. Ta sayi kwalbar turare mai tsada, ta hau tudu zuwa gidan Oga, babban kwamandan barikin. Falon matar Oga sanyi ƙalau, kujeru sun kai goma ba kowa a kai. Maman 'Yan Biyu ta zauna a bakin guda, ta zayyana komai: yara ƙanana, saura wata huɗu, a taimaka a cire sunansa. Ta yi niyyar ba za ta yi kuka ba, amma ina!

Matar Oga ta bar ta ta gama, tana juya zoben hannunta.

"Shi ya aiko ki, ƙanwata?"

"A'a, ranki ya daɗe. Bai ma san na zo ba."

"Hmm." Ta daɗe tana kallonta. "A cire sunansa daga jerin nan. Abin da kike so ke nan?"

"Shi ke nan, wallahi."

"Ai ba wuya. Maigidan yana son mijinki. Kullum cewa yake asara ce a bar irinsa ya tafi."

Maman 'Yan Biyu ta ɗauki wannan a matsayin yabo, har da durƙusawa. Sai da ta sauko daga tudun ta lura ba a ko ba ta ruwa ba, kuma turaren na nan a jakarta, matar ta ce ta bar shi.

Ranar Juma'a aka manna jerin a allon sanarwa. Sau uku ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, sunansa ba ya ciki. Mata na gefenta suna salati, wata ta zube a ƙasa, ita kuwa ta toshe baki da mayafi don kada a ga murnarta. Daga nan ko gida ba ta je ba, ta wuce ofishin ajiyar takardu don ta karɓi fom ɗin mayar da gidan bariki, don an ce cika shi na cin lokaci.

Ofishin ɗaki ne dogo mai warin tsohuwar takarda, fanka na juyi kamar an yi mata dole. Mai kula da shi wani tsohon saje ne, mai tabarau ɗaure da zare, wanda autarsa ke ajinta. Kullum da tsokana yake tarbarta, ya ce ta hana 'yarsa sakat da jadawalin sau. Yau bai yi ba.

"Malama, fom ɗin gida kuma? Na wa?"

"Namu mana, Baba Saje. Ko ka manta saura wata huɗu?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya jawo wani fayil da ke kan teburinsa, ba cikin kabad ba, ya dafa shi da hannu bai buɗe ba.

"Ba a cire mutum daga jeri haka kawai, Malama. Sai an rubuta dalili. Dalilin da ke karɓuwa kuwa biyu ne, ko ciwo ko kwas. Mijinki lafiyarsa ƙalau."

"To an tura shi kwas. Ai alheri ne."

"Na mako shida." Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Duk hafsan da gwamnati ta tura kwas, sabuwar shekara uku ake ɗora masa a kan abin da ya rage masa. Yana cikin takardar da suke sa wa hannu tun farko, can shafi na baya. Shi ya sa za ki ga mai shirin fita ya gwammace a tura shi ko'ina, ban da aji."

"Sai ya ce ba ya so."

"Ba a cewa haka a nan. Umarni ne."

Ita malamar lissafi, wata huɗu da wata talatin da shida sun gagare ta haɗawa. Ta fito ba sallama, fom ɗin ma a kan teburin ta bar shi.

Ta tarar da shi a ɗaki, tsakar rana, ya shimfiɗa jaka a kan gado yana jera riguna. 'Yan biyun na tsakar gida suna faɗa a kan keke. Bai ɗago ba.

"Baban 'Yan Biyu," ta ce. "Ni ce. Ni na je."

"Na sani. Oga ya faɗa mini da safe, a gaban kowa. Ya ce in gaishe ki, an biya miki buƙata."

"Na rantse ban san da shafin nan ba, sai yanzu Baba Saje ya gaya mini."

"Ai ke ba ki sa hannu ba, ina za ki sani?" Ba faɗa a muryarsa, kuma da ya yi faɗan da ta fi samun sauƙi. Ya ninke wando, ya danna shi a gefe.

Ta matso ta kama bakin jakar. "Amma dai ba za ka je can ba. Ko shekara goma ce zan jure, in dai kana nan ina ganinka. Ba za ka je can ba, ko?"

Sai a lokacin ya dube ta.

"Kin tambayi Saje kwas ɗin na mene ne?"

Ta girgiza kai.

"Na koyon kafa gada ne a kan ruwa, ana harbi. Su waɗanda ke jeri wata uku suke yi a sauya su. Masu gada ba a sauya su, don ba su da yawa." Ya ja zip ɗin jakar. "Miƙo mini tawul ɗin can."