Kibiyar da Jesse Ya Gada

Ana saura 'yan kwanaki a karɓi mulkin kai tsohuwar Jesse ta diro daga bayan wata lori a tashar Bauchi, da kwarin kibau rataye a kafaɗa kamar namiji. Gashin kanta ya cukurkuɗe ya zama igiyoyi, don tun ranar da aka kashe babban ɗanta Toma aska ba ta hau shi ba. Ko ruwa ba ta nema ba. Ta kama tambaya har ta isa ɗakin da Jesse ke haya a Gwallameji, can bayan ganuwa, inda gonaki suka fi gidaje yawa.

Jesse mahaƙin rijiya ne, dawowarsa ke nan, jikinsa duk jan laka. Ya durƙusa zai gaishe ta, ta jefa kwarin gabansa.

"Riƙe gaisuwarka. An sake shi."

Bai tambayi wa ba. Hammajoda ne, makiyayin da shanunsa suka faɗa gonar accarsu shekarun baya, can ƙauyensu a gindin duwatsun kudu. Toma ya ɗaga sanda, shi ma ya ɗaga tasa, tasa ta riga sauka. Alƙali ya ɗaure shi, ubansu ya mutu yana jiran ranar fitowarsa.

"Yana Tirwun wajen danginsa yana shan nono," in ji tsohuwar, "ɗan'uwanka kuwa gara ta gama da shi. Kakanka ya bar wa ubanka wannan kwari, ubanka ya bar maka. Gadonka ke nan. Ba mu da shanu, ba mu da zinariya, amma ba a zubar da jininmu a tafi barci."

"Iya, kin san na bi Yesu."

"Yesu ne ya goya ka?"

Cecilia, matar Jesse, ta fito da ƙwaryar ruwa, cikinta ya tsufa. Tsohuwar ba ta karɓa ba. Ta nuna cikin da haɓa.

"In ka kasa, zan jira wannan. Ba zan mutu ba sai na rataya masa shi da hannuna."

Cecilia ta juya da ƙwaryar ta koma ɗaki.

Majami'arsu rumfar zana ce, kuma mutum uku ne kacal a ciki suka iya karatu. Saboda haka Baba Matta, tsohon mai bishara wanda agana ta cinye wa idanu, ya fito da wata dabara. Ran Lahadi bayan sujada ya zauna a bakin ƙofa, kowa ya zo fita ya kama hannunsa ya ɗora masa aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki, daga cikin tarin da ya haddace tun yana gani. Yakan ce guzurin mako ne. Mai faci ya tafi da tasa, mai wanki ya tafi da tasa.

Da ya laluba tafin Jesse sai ya yi dariya. "Wannan kanta ta mutumin rami ce. Gafiya, yaya ƙasa?"

"Tana nan da tauri, Baba."

"Na ji baƙuwa ta zo muku da kaya. To, buɗe baki." Ya rage murya. "Kada ku rama mugunta da mugunta, sai dai ku sa albarka, gama don haka aka kira ku, domin ku gaji albarka."

Jesse ya fizge hannunsa. "Cecilia ce ta kawo maka ƙarata. Ba ni wata."

"Nan kasuwa ce da za ka zaɓa?"

"Wannan ba ta haɗiyuwa, Baba."

"Wa ya ce ka haɗiye? Ka taɓa zama ka kalli saniya da la'asar? Ciyawar da ta yaga da safe ita take dawo da ita baki tana tuƙa, ido a lumshe. Ba a wurin kiwo take yin nono ba, a wurin tuƙa take yi. Je ka tuƙa. In ta yi ɗaci ka ƙara taunawa."

Ya tafi da ita ba don yana so ba. Washegari ya sauka ramin da yake haƙa wa wani mai shago a Gwallaga, ayar ta bi shi. Ya kafta dagi, ta amsa. Kada ku rama. Ya ce a ransa, wanda ya faɗi haka bai ga kan Toma a fashe ba. Sai ya tuna abin da aka yi wa Yesu kansa da ƙusa da mashi, ya yi tsaki, ya ƙara wa dagin ƙarfi. Wata rana kuma wutsiyar ayar ce ta maƙale masa a haƙori. Ku gaji albarka. Ashe akwai wani gadon da aka rubuta da sunansa, wanda gara ba ta ci, tsatsa ba ta kamawa? To amma wancan sai an ɗaga kai sama, wannan kuwa yana rataye a bangon ɗakinsa, kullum ya shiga suna haɗa ido.

Tsohuwar ta daina cin abinci. Ta zauna a ƙofar ɗaki tana tari, tana kiran sunan Toma a waƙar makoki, maƙwabta suna leƙe. Cecilia ta kawo tuwo, ta ture da ƙafa.

"Kai wa mijinki. Shi ne mace, shi ke buƙatar ƙiba."

Ran da za a ɗaga sabuwar tuta gari ya ɗauka tun hantsi. Kalangu, algaita, 'yan makaranta da 'yan tutocinsu kore da fari, kowa ya nufi fili, har 'yan doka. Jesse ya zare kibiya ɗaya daga kwarin, bakinta baƙi ƙirin da tsohon dafin kwankwani. Baka zai jawo ido a hanya, don haka ya karya karan, ya naɗe ƙarfen a guntuwar fata, ya soke shi a ɗamarar warkinsa. Ƙwarzane ɗaya ya isa. Ya saɓi igiyarsa da dagi kamar mai zuwa aiki.

Cecilia ta tare ƙofa. "Maigida, yau ba a aiki."

"Matsa."

"Faɗa mini ayarka in matsa."

Ya ɗauke ta cak ya ajiye gefe. Tsohuwar ta yi guɗa, karon farko tun mutuwar Toma.

Kafin ya kai rugar Tirwun ya jiyo ihun mata. Ya tarar da su sun kewaye wata tsohuwar rijiya a bayan garke, hayaƙi na fitowa daga bakinta. Maza duk sun tafi kallon biki ko kiwo. Wata mace ta hango igiyar kafaɗarsa, ta sheƙo da gudu ta zube a gabansa.

"Bawan Allah, Allah ne ya jefo ka! Useni, don Allah ka taimaka! Maraƙi ne ya faɗa, mijina ya bi shi. Muka kira, shiru. Muka kunna ciyawa muka jefa don mu hango shi."

"Wuta kuka jefa?" Jesse ya dafe kai. Tsohuwar rijiya dama iskarta mugu ce, ɗan numfashin da ya rage kuma sun ba wuta ta cinye. "Wane ne mijin naki?"

"Hammajoda. Ni ce Dada, matarsa."

Jesse ya tsaya cik. Ga shi an dafa an kawo masa har baki. Ba ya buƙatar kibiya, ba ya buƙatar komai. Abin da zai yi kawai shi ne ya warware igiya a hankali, ya tsaya neman inda zai ɗaura, ya yi 'yan tambayoyi. Kafin ya gama rijiya ta gama. Ba alƙali, ba ɗan doka, Iya ta aske kanta ta ci tuwo.

Ya fara warwarewa a hankali ɗin kuwa. Sai ayar ta taso masa daga ciki ba tare da ya kira ta ba, ta cika masa baki. Gama don haka aka kira ku. Duk makon nan bai kula da wannan guntun ba. Ya dubi matar da ke riƙe da ƙafarsa. Yanzun nan ta ce Allah ne ya jefo shi.

"Ku karyo mini reshe mai ganye!" ya daka tsawa. "Ku kawo bijimi!"

Ya ɗaura reshen ya zura shi ƙasa ya fizgo, ya zura ya fizgo, yana kaɗa iskar ramin yadda ubangidansa ya koya masa. Ya gitta gungume a bakin rijiyar, ya ɗaura igiya a wuyan bijimin, ya jiƙa ƙyalle ya rufe hanci, ya sauka. Bai cire abin da ke ɗamararsa ba. Ko a lokacin bai gama sanin da wane hannu zai taɓa mutumin ba.

Ƙasan duhu ne da zafi. Ruwa iya gwiwa, maraƙin ya riga ya mutu. Hammajoda na jingine da bango, kai a langaɓe. Jesse ya tallabo shi ya ji ba nauyi, gidan yari ya tsotse shi, haƙarƙari kamar haƙoran mataji. Ga jijiyar wuyansa tana bugawa ƙarƙashin babban yatsan Jesse. Ɗayan hannun ya kai ɗamara, ya taɓa fatar.

Hammajoda ya buɗe ido. Ɗan hasken da ke saukowa ya faɗa kan tsagar fuskar Jesse, irin ta gidansu.

"Toma," ya ce da ƙyar. "Ka zo? Kullum ina ganinka. To, yi."

Jesse ya ji muryar Iya, ya ji ta ubansa, ya ji ta kakan da bai taɓa gani ba. Leɓunansa kuwa sun ci gaba da motsi da kansu. Sai dai ku sa albarka. Ya janye hannu daga ɗamarar, ya kwance igiyar daga jikinsa ya zarga ta a hammatar mutumin.

"Allah ya raya ka," ya ce. Kalmomin suka fito kamar ana cire ƙaya. Ya ɗaga kai. "Ku kora bijimi!"

Ya tsaya shi kaɗai a cikin hayaƙin yana kallon ƙafafun Hammajoda suna hawa. Da igiyar ta dawo idonsa ya soma rufewa, yatsunsa sun mutu. Ya zarga ta a ƙugu yadda ya samu, a kan ɗamarar. Matan sun tsorata, suka zabga wa bijimin sanda, ya zabura. Igiyar ta shaƙe ƙugun Jesse lokaci guda, ya ji wani abu ya huda fata ya shige masa kwiɓi, sanyi kamar ƙanƙara.

A bakin rijiya Dada ce ta zaro ƙarfen. Ta juya shi, ta ga baƙin da ke bakinsa, ta dubi mijinta da ke kwance yana tari, ta dubi Jesse. Matan suka tsaga wurin, suka matse, suka ɗura masa madara. Dafin ya tsufa, shi ya sa bai yi gaggawa ba, amma bai manta aikinsa ba.

Da la'asar sakaliya suka iso da shi Gwallameji a kan jaki, Hammajoda na riƙe da shi ta gefe yana tangaɗi. Daga cikin gari ana jin bindigogin murna. Tsohuwar ta miƙe da guɗa a bakinta, guɗar ta mutu a nan. Hammajoda ya kwantar da shi a tabarma, ya ajiye ƙarfen a gabanta, ya tuɓe hularsa ya durƙusa.

"Inna, ni ne. Ga wuyana."

Ta rarumi kwarin daga bango. Jesse ya kama bakin zanenta, da ɗan ƙarfin da ya rage.

"Iya, ni na fito da shi. Da hannuna. In kin taɓa shi, aikina kika zubar." Ya nemi numfashi. "Wannan kwari ya ci Baba, ya ci ni. A sa shi a ramina. Kada ɗana ya gan shi."

"Me za ka bar masa, to?" in ji tsohuwar. "Me?"

"Cecilia, zo. Buɗe baki."

Ta durƙusa tana kuka, ta kawo kunnenta. Ya ɗora mata ayar guntu-guntu, tana maimaitawa, har suka kai ƙarshe. Wani ya ruga kiran Baba Matta.

Jesse ya daina jin ƙafafunsa. Rufin ɗakin ya yi nisa, ya zama ɗan da'irar haske kamar bakin rijiya in an kalle shi daga ƙasa. Ya ji ƙarar kwarin ya faɗi, kibau suka watse. Ya ji tafin Iya, busasshe, a goshinsa.

"Bakinsa na motsi," in ji ta. "Me yake ci?"

Can ya ji ta ce, da muryar da ya sani tun yana goye, "Ke yarinya. In an gama, ki nemo mini aska."