Ranar da Aminat Za Ta Koma Islamiyya

Wata uku alƙali ya ba Lado, bayan ya fasa wa wani direba hanci a wurin ajiye motoci na kasuwar Asian Town. Matarsa Haulatu ba ta ce an zalunce shi ba. Ya yi, an yanke, ta san ranar fitowarsa.

Abin da ya ƙona mata rai na ƙungiyar 'yan gida mazauna nan ƙasar waje ne. Kwamiti ya zauna, ya dakatar da Lado da iyalinsa daga duk harkokin ƙungiya, har da Islamiyyar Asabar da 'yarsu Aminat take zuwa. Yarinya 'yar shekara shida, ga ta dab da gama izu ɗaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta sami shugaban, Dakta Abdulbaƙi, malamin jami'a, a falonsa na unguwar Bin Omran. Yana ta kurɓar shayi kamar ba shi ya sa hannu a takardar dakatarwar ba.

"Ranka ya daɗe, zuwa yaushe?"

"Maman Aminat, ai ba a sa wa gyaran hali rana. Sai mun ga ya shiryu." Ya gyara tabarau. "A ƙasashen da suka ci gaba ma akwai irin wannan hukuncin. Ba a ƙayyade shi, ana duba mutum ne."

Ta dube shi, shi da littattafan da ya jera a bayansa, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba.

"Wa zai duba? Da wane ma'auni?"

"Kwamiti mana."

"Kwamitin da rabinsa sai ranar cin shinkafa ake ganinsu? Dakta, alƙalin nan bai san mu ba, ko sunan Lado bai iya faɗa daidai ba, amma ya ce uku. Uku ana ƙirga ta. Ku da kuka ci tuwon sunan yarinyar nan kun ce sai baba ta gani. Bara da ƙanin ma'ajinku ya mari mutum a gaban masallaci, sati nawa ya ɗauka kafin ya shiryu?"

"Wannan daban ne."

"Na san daban ne."

Ya ajiye kofin. "Khalas, shi ke nan, za mu sake zama."

"Ku zauna lafiya. Ni dai gobe ƙarfe tara zan kawo ta da allonta. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka durƙusa daidai tsayinta, ka gaya mata sai ubanta ya shiryu. Za ta tambaye ka yaushe, don ita ma ba ta gane boko mai zurfi."

Dakta ya daɗe yana share tabarau da bakin riga.

"Yarinya ai ba ta cikin maganar," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kuskuren sakatare ne."

Haulatu ta miƙa masa biro.

"To a rubuta. Da kwanan wata."